Neman Itace Mai Shan Gishiri

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ba wasu bayinsa ƙishirwa, ya ba wasu dagi. Ni ne Anaruwa ɗan Barau, mahaƙin rijiya ɗan mahaƙin rijiya, mutumin Kwarin Shamuwa, inda ƙasa take fari fat saboda kanwa. Yau gwiwa ta ƙi ni, ido ya yi hazo, amma akwai wata tafiya da na yi ina saurayi wadda har gobe in na lumshe ido nakan ji ƙamshin ganyenta. Ku gyara zama in ba ku labarinta.

Rijiya ɗaya ce ta riƙe garinmu, babana kuwa shi ya haƙa ta tun ba a haife ni ba. Wata shekara sai ruwanta ya soma ɗaci. Baba ya ɗanɗana, ya ce na sama ne ya gaji, mai daɗin yana ƙasa. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ya ƙara mata zurfi, don abin da muka gada ke nan: in rijiya ta yi gardama, a ƙara mata gaba guda. Ruwa ya ƙara ɗaci, Baba ya ƙara sauka. Aka yi ta haka shekara da shekaru, har ta kai ko jaki ya sansana sai ya kau da kai. Mata suka koma tafiyar wuni guda zuwa wani tafki don tulu ɗaya.

Ran nan Mai Gari Nomau ya tara mutane ya ce in an cire amfanin gona na baɗi ruwan nan bai gyaru ba, gari zai tashi. Kowa ya yi na'am, sai babana.

Ya ce, "Allah ya kai ku lafiya. Ni Tasalla tana kwance a bayan rijiyar nan, ba inda za ni."

Tasalla ita ce mahaifiyata. Na san halin Baba, in ya ce a'a ko giwa ba ta ja shi. Tsoho shi kaɗai a kufai da ruwan kanwa, ai wannan ba zama ba ne, jiran mutuwa ne. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana nan sai wani falke ya sauka a garinmu, ya ce a ƙarshen ƙasa, bayan Dajin Rufa-Rana, akwai ruwan da ba shi da tsallake, gishiri ne zalla, amma itatuwa na tsaye a cikinsa da ƙafafu, ganyensu kore shar. Na ce a raina, itacen da ke shan gishiri ai shi ne maganin rijiyarmu, ya shanye ɗacin ya bar mana ruwan. Na gaya wa Baba. Bai ce tafi ba, bai ce zauna ba, sai ya miƙo mini ƙaramin daginsa, wanda hannunsa ya cinye wa ƙota, ya ce, "Kada ka dawo mini babu shi."

Na bi ayari har ayari ya ƙare, na bi ƙafata har ciyawa ta fi ni tsawo. Daga nan na isa wani gari da ake kira Bakin Inuwa, inda daji ya miƙe tsaye kamar ganuwa. Mutanen garin ba su da sana'a sai ja-gora, su ke ratsa daji da baƙi zuwa bakin teku su komo da su. Aka haɗa ni da wata tsohuwa gajeruwa mai suna Iya Sumbale, adda a hannu, ƙafa ba takalmi. Ta ja baƙi da yawa har ta tsinci harsunansu, tana jin namu, sai dai nata yana ɗan ɗingishi.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan rairayi, ji sharaɗin daji. Inda na ɗaga ƙafa, nan za ka sa taka. Abin da ban ci ba, kada ka ci. Daji sau ɗaya yake karɓar baƙo, in ka je ka komo nan ka fita, ka fita ke nan har abada. Ranar fita kuma za ka bar mana abu ɗaya naka, ka ɗauki abu ɗaya namu, ba ƙari. Ka yarda?"

Na ce, "Na yarda, Iya."

"To, zubar da ruwan gorar nan, nauyi ne na banza."

Na rungume gorata. A garinmu wanda ya zubar da ruwa da gangan sai an kai shi gaban Mai Gari. Ta tsaya tana jirana har na tsiyaye shi ƙasa, ina ji kamar jinina nake zubarwa. Muna shiga daji ta kai wa wata igiyar itace sara, ruwa mai sanyi ya tsiyayo, ta ce in tara baki. Na sha har cikina ya yi ƙulu-ƙulu, tana ta dariya.

Wayyo Dajin Rufa-Rana! Na yi kewarsa, ba zan ɓoye muku ba. Rana ba ta taɓa ƙasa a can, sai dai ta yayyafo ta tsakanin ganye. Itatuwa gindinsu ya fi ɗakin babana faɗi. Ni da na saba hango mutum tun yana nesa kamar ƙuda, sai ga ni ba na ganin abin da ya wuce tsawon hannuna. Da lokacin salla ya yi na rasa gabas, Iya ta ce in saurari aku, kowace safiya garkensu gabas yake nufa wajen cin 'ya'yan itace, da su na riƙa gane alƙibla. Birai masu farin gemu kamar dattawan fada suna biye da mu ta sama suna jifan mu da ɓawo. Mun tsaya mun ba wa rundunar kwarkwasa hanya, baƙa wuluk, tana malala ba iyaka. Mun ga ƙananan giwaye suna wucewa ba a jin ko ƙarar kara. Kullum in rana ta karkata kuma sai sama ta ɓalle da ruwa.

Da Iya ta ji dalilin sunana, cewa an haife ni ne ana ruwa, sai da ta zauna a kan saiwa don dariya. Ta ce, "A garinku har suna ake yi da ruwan sama? Da a nan ne, da kowa sunansa ke nan, har birai."

Wata rana hanya ta bi da mu ta wani tsagin dutse, matsattse, bango dama bango hagu. Muna tsakiya sai Iya ta tsaya cak, ta karkata kunne. Fuskarta ta sauya.

Ta ce, "An yi ruwa a tudu. Yana zuwa ta nan."

Ni ban ji komai ba, amma na riga na koyi cewa kunnenta ba ya ƙarya. Gaba da nisa, baya da nisa, duwatsun kuma sumul, tsohuwa ta kama ta zame. Nan ne gado ya yi rana. Na jingina bayana da bango ɗaya, na tokare ɗayan da ƙafafu, na riƙa matsawa sama kamar yadda muke fitowa daga rijiya. Da na kai bakin tsagin a sama na jefa mata igiyata, ta ɗaura a ƙugu, na jawo ta hannu bayan hannu. Ƙafarta na barin ƙasa ruwa ya iso, ja wur, da itatuwa a bakinsa yana ruri. Muka zube a kan dutse muna haki.

Ta ce, "Na ja baƙi iri-iri, yau baƙo ya mai da ni guga." Daga ranar ba ta ƙara ce mini ɗan rairayi ba, sai ɗana.

Sai ga shi wata hantsi daji ya ƙare kwatsam, haske ya mare ni. Na buɗe ido na ga ruwa ya tafi har ya haɗu da sama, yana tasowa yana faɗuwa yana gurnani. Na durƙusa ina salati. A nan ƙauyen Lagwandi yake, garin dangin Iya. Ɗakunansu a kan turaku suke, ƙasansu kwale-kwale. Ko'ina ƙamshin bandar kifi. Da yamma matansu sukan shiga ruwa iya ƙugu su riƙa marin sa da tafin hannu, ya ba da amo kamar ganga, suna waƙa. Manyan kunkurun ruwa sukan fito su binne ƙwai a rairayi, ba mai taɓawa, ranar ƙyanƙyasa kuwa gari duka ke fita korar tsuntsaye har 'ya'yan su shiga ruwa lafiya. Suka karɓe ni hannu bibbiyu, suka ba ni ruwa mai daɗi a ɓawon kwakwa. Na sha ban ko tambayi daga ina yake ba, don hankalina na can wani wuri.

Can nesa cikin teku na hango su, itatuwan da na baro gida dominsu, tsaye a kan ƙafafu. Iya ta ce in yi haƙuri ƙanenta ya dawo daga su, a kai ni a kwale-kwale.

Washegari na tashi na tarar teku ya tafi. Wallahi ya tafi! Inda jiya ruwa yake, yau laka ce da rairayi har gindin itatuwan, ƙaguwa na ta guje-guje. Na ce Allah ya yanke mini wahala, rani ya zo wa teku. A ƙasarmu in kogi ya janye ai sai wata daminar, har shuka ake yi a cikinsa. Na saɓi dagi da kwando na kama hanya ba tare da na gaya wa kowa ba. Na isa, na zauna hankali kwance ina zaɓen ƙananan dashe, ina tonowa da ƙasarsu, ina 'yar waƙata.

Sanyi na ji a idon sawu. Na waiga, hanyar da na biyo babu ita. Kafin in tattara kayana ruwa ya kai gwiwa, kafin in yi tunani ya kai ƙugu, ni kuwa ko iyo ban iya ba. Na rataya kwando a wuya na haye ƙafafun wani itace, ruwa na bina, na ƙara hawa, na ɗaure kaina a reshe da igiya. Ƙishirwa ta kama ni. Na ce to, ga ni a gindin mai shan gishiri, bari in sha abin da ya tace. Na kamfato da hannu daga tsakanin saiwoyinsa na kai baki. Gishiri ne, har ya fi na rijiyarmu. Na lashi ganyen, shi ma gishiri. Ashe itacen ba ya gyara ruwa, jurewa kawai yake yi.

Ba tsoron nutsewa ne ya sa ni kuka ba. Babana na tuna, zaune shi kaɗai a bakin rijiya, ni kuma na zo ƙarshen duniya a kan maganar falke.

A haka Iya ta same ni, tana tuƙa kwale-kwale tana zazzaga mini faɗa tun daga nesa. Da ta ga fuskata sai ta bar faɗan, ta kwance ni.

Ta ce, "Teku ba ya rani, ɗana. Numfashi yake yi, ya ja ya saki, kullum."

Kwanaki suka shuɗe. Daga baya na ce ko ba komai, kada in bar garin mutane ban saka musu da alheri ba. Na lura matan Lagwandi suna ɗiban ruwan sha ne a wani tudun rairayi bayan gari, daga wasu 'yan ramuka da ba su wuce zurfin hannu ba. Mace za ta durƙusa ta yaɗo saman ruwan kaɗan da ɓawon kwakwa, ta zauna ta jira ya taru, ta sake yaɗowa. Tulu ɗaya sai ya ci mata rabin safiya. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi, a ce ga ɗan Barau a gari ana wannan wahala. Da suka tafi wajen banda na ɗauki dagi na faɗa wa rami ɗaya. Kafin azahar na kai shi tsayin mutum, ruwa ya ɓulɓulo gwanin sha'awa. Na kira su ina washe baki.

Babbarsu ta ɗiba ta kurɓa, ta furzar, ta ɗora hannu a ka ta ƙwala ihu. Mata suka yi mini caa da harshen da ba na ji, amma zagi ba ya bukatar tafinta. Na ɗanɗana da kaina. Gishiri.

Iya ta ja ni gefe ta ce, "Garin gyaran gira ka tsokane mana ido. Ruwa mai daɗi a sama yake kwance, kamar mai a kan miya, ruwan sama ne ƙasa ta ajiye. Mai gishiri ya fi nauyi, yana ƙarƙashi. In ka huda zuwa wurinsa sai ya taso ya cinye na sama. Shi ya sa muke yaɗa, mu jira."

Na ce, "Iya, sake faɗa."

Ta sake faɗa. Hukuncin da suka yanke mini shi ne in cike ramin da hannuna, yumɓu a ƙasa, rairayi a sama. Ina cikewa ina dariya ina hawaye, matan suka tabbata baƙo ya zare. Na ƙi tafiya sai da aka yi ruwan sama 'yan kwanaki, na durƙusa na yaɗo da ɓawo na sha. Ya dawo daɗi garau.

Muka ratso daji muka komo Bakin Inuwa. A can Iya ta shimfiɗa ganye ta ce in ajiye ɗaya in ɗauki ɗaya. Dashen itacen na kwando, ɓawon kwakwarta na rataye a ƙugunta. Na nuna ɓawon. Na cire hulata zan ajiye, ta girgiza kai.

Ta ce, "Ba abin da ka ga dama ake bari ba. Abin da ka shigo kana taƙama da shi ake bari."

Na daɗe ina riƙe da dagin babana kafin in ɗora shi a kan ganyen. Masu ja-gora ba sa ban kwana, sun ce yana sa hanya ta yi fushi. Ta dai dafa ƙirjina da tafin hannunta, ta juya, ganye ya rufe bayanta. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Na iso gida damina na shirin ɗaukewa, gero ya yi kai, mata har sun soma ɗaure kaya. Na tarar da Baba a bakin rijiya, ya rame, igiya a ƙugu, zai sauka ƙara zurfi.

Ya ce, "Ina itacen?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Ina dagina?"

"Na baro shi."

Ya dube ni, ya dubi ɓawon da ke hannuna. Na durƙusa na ba shi labarin ramin Lagwandi daga farko har ƙarshe, sannan na ce, "Baba, mu cike ta."

"Ka je bakin duniya, ka sayar da dagina a kan ɓawo, ka dawo ka ce in binne aikin raina?"

Ya shige ɗaki ya bar ni a durƙushe. Kwanaki ba ya amsa gaisuwata, hadari kuwa sai raguwa yake yi, ni ina ta kallon sama. Wata safiya ya fito ya tarar maƙwabcinmu yana kwance jinkar ɗakinsa zai ɗora wa jaki. Ya tsaya ya kalla, ya juyo gare ni ya ce, "In binne ta za a yi, ni zan binne ta. Kawo yumɓu."

Ya sauka. Gugan da ya yi shekaru yana fito da ƙasa, yanzu shi ke kai ta. Ina zurawa yana daddannawa, ina jin muryarsa daga ƙasa yana lissafi shi kaɗai: wannan na haƙa shekarar fari, wannan shekarar da Anaruwa ya yi kaciya. Mutane suka zo kallo, daga baya suka kama ɗaukar ƙasa. Kullum Baba na ƙara matsowa haske, har wata rana ya shafa wani zane a jikin bangon, ya ce, "Tsaya haka." Muka kwashe sauran ruwan ɗacin muka zubar, muka zauna jira. Allah ya ba mu ruwan ƙarshe na daminar, mai yawa.

Da ƙasa ta tsotse, gari duka ya taru a bakin rijiya. Na hana a jefa guga kada ya dama ta. Na sauka na yaɗo saman ruwan a hankali da ɓawon Iya, na hauro na miƙa wa Baba. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa. Sai ya tsura wa sauran ruwan da ke cikin ɓawon ido.

Mai Gari Nomau ya ce, "Barau, yi magana mana."

Baba bai dube shi ba, ni ya duba. Ya ce, "Zanen nan da ka ga na shafa, nan na fara tarar da ruwa, ina saurayi kamarka. Uwarka na amarya, ita ta fara sha. Ta leƙo ta ce mini, Barau, ya isa haka, fito." Ya share ido da bakin riga. "Ɗanɗanon ke nan. Shi ne wannan."

Ya zagaya bayan rijiya, ya tsiyaye sauran a kan kabarinta. Ba wanda ya ce ya zubar da ruwa da gangan.

Gari bai tashi ba. Har yau a Kwarin Shamuwa yaɗa ake yi a jira, kuma Baba na kwance kusa da Tasalla. Ɓawon nan ga shi, bakinsa ya cinye, ya yi laushi kamar ƙoƙo. Na so ƙwarai in koma in gaya wa Iya Sumbale yadda aka ƙare, amma daji sau ɗaya yake karɓar baƙo, na kuma yarda tun a ƙofa. Sai dai kowace safiya nakan dogara sanda in je in leƙa rijiya, in ga ruwan da aka kwashe jiya ya komo wurinsa, in ce, "Iya, tamu ma tana numfashi."

Iyakar abin da ƙafata ta taka ke nan, abin da na manta kuwa yana can wurin daji.